Bindigar Baba Ta Sa Tabarau

Ni ɗan sarkin baka ne, amma ban taɓa harba bindiga ba, kuma ba na jin zan harba har in koma ga Allah. Ƙararta nake tsoro. Tun ina ƙarami in Baba ya ɗaga ta sai in toshe kunne in runtse ido, har na yi gemu ban daina ba. Da aka gane ba za a samu maharbi a jikina ba sai aka ƙyale ni na bi mota. Yanzu babbar mota nake ja tsakanin Damagaram da Agadas, in na zo Tanut in sauka in hau moto, wato babur, in leƙa gida.

Ƙauyenmu yana yamma da Tanut, in ka kama hanyar Balbeji. A can Baba ne shugaban maharba. Sarautar ba ta da rawani, abin da take da shi wani tsohon ƙahon gwanki ne da ake busawa, wanda ya girmi kowa a garin, don ko kakana bai tarar da gwanki a dajin Damargu ba. In dila ta addabi makiyaya da ɗaukar 'yan awaki, sai su zo su kira mai ƙaho, ya fita a gaban shaidu ya raba su da ita. In ya kuskure sau ɗaya, ba komai. Sau biyu, a ce ranar ce ba tasa ba. In ya cika uku a jere, ba mai ce masa uffan. Dattawa ne kawai za su zo da hantsi su shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, su gaishe shi, su tambayi lafiyar iyali da ta dabbobi da ta maƙwabta, su koma farko su sake, kuma ba za su tashi ba sai ya shiga ɗaki ya ɗauko ƙahon ya ajiye a gabansu. Na taɓa ganin an yi wa wani wannan gaisuwa a wani gari, ban taɓa ganin wulakanci mai ladabi irinsa ba.

Shekarar da nake ba da labari, bayan kaka, awaki sun hayayyafa, Baba ya riga ya kuskure sau biyu. Na farko dila ya harba, ta tsaya ta dube shi, ta yi tafiyarta ba ko sauri. Na biyun ya fi ciwo. Ya yi rarrafe cikin ƙarangiya har gwiwarsa ta yi jini, ya auna, ya saki wuta, ya kuma samu. Abin da ya samu salkar ruwan makiyayin da ya kira shi ce, tana rataye a reshen wata 'yar ƙaya. Makiyayin mutum ne mai kunya. Ya je ya duba ruwan yana tsiyaya, ya dawo ya durƙusa ya ce, "Sarki, ta mutu."

Kowa ya san idon Baba ne ya yi rauni, shi kaɗai ne bai yarda a sani ba. Inna ta ce mini ya kai wata nawa in ya fito da safe sai ya yi wa turmi ina kwana, ita kuma sai ta amsa masa daga bayan ɗaki don kada ya ji kunya. Na ce masa mu je likita a Tanut a gwada masa tabarau.

"Luleti?" in ji shi. "Ni zan sa luleti kamar malamin lakwal mai koyar da boko? Maharbin da ya ɗora gilashi a hanci ai shela ya yi cewa ya ƙare. Idona lafiya lau. Tashi ka ba ni wuri."

Da yake faɗin haka gefen kafaɗata yake kallo.

Akwai kuma Baffa, ƙanin Baba, wanda shi ƙahon zai faɗa wa in an karɓe. Ba mugu ba ne, mutum ne kawai da ya gaji da jira. Kullum sai ya zo gaisuwa, ya zauna a gefen Baba, ya nuna hanya ya ce, "Yaya, wane ne can ke tahowa?" Baba kuwa ya san tarin kowa a garin, ya san kukan jakin kowa, sai ya faɗi suna daidai. Baffa ya ce haka ne, ya tashi ransa a ɓace.

A kasuwar Agadas na ga maganin abin. Akwai wani mai shago da ke sayar wa masu neman zinariya kaya, na'urar da ke kuka in ta ji ƙarfe a ƙasa, da fitilun goshi, da madubin hangen nesa. Cikin tarkacensa na ga wani baƙin bututu, tsawonsa bai kai kamu ba, gilashi gaba gilashi baya. A jikin kwalin an zana wani bature cikin ƙanƙara yana auna wata dabba mai ƙaho reshe-reshe. Mai shago ya ce madubin bindiga ne, sabon shigowa, ana ɗora shi a bisa kanta ya jawo maka nama kusa har ka ga ƙudan da ke kunnensa. Na sa a ido na dubi ƙarshen layi, sai ga wata mai tuyar ƙosai ta zo gabana, da wani siririn gicciye a tsakiyar kaskonta. Na saya ban ja magana ba.

Daga Agadas har Tanut ina tuƙi ina shirya ƙaryar da zan yi. Da na isa na durƙusa na ce, "Baba, na yi tambaya wajen waɗanda suka san ƙarfe. Sun ce bindiga in ta shekara arba'in idonta yakan mutu. Ba laifin mai ita ba ne. Turawa har luleti suke yi mata."

Baba ya juya bututun a hannu. Can ya ɗaga murya yadda Inna za ta ji daga madafa.

"Dama na faɗa wa uwarka. Tun bara nake lura da ita, ba ta gani sosai."

"Ka faɗa, Sarki," in ji Inna, ba ta ko juyo ba.

Na ce ya sa a ido ya gwada. Ya ture hannuna. Ya ce nata ne, ba nasa ba, shi ba ya aron luletin kowa, sai an ɗora mata zai leƙa ya ga ko ya yi mata daidai.

Na koma bakin aikina, na yi mako biyu. A cikin makonnin nan na zauna na kalli hotunan bidiyo a salula, na turawa masu ƙaton ciki da ke kwanciya a ciyawa suna harbin takarda. Ban ji abin da suke faɗa ba, amma na gane abu ɗaya. A tsakiyar bututun akwai wasu 'yan maɓallai biyu, ɗaya sama ɗaya gefe. Sai ka yi harbi a takarda, ka ga inda dalma, wato harsashi, ta faɗa, ka murɗa maɓallin, ka sake, har gicciye da bakin bindiga su yi magana ɗaya. In ba a yi haka ba, madubin ƙarya zai yi ta yi maka, kuma ƙarya mai kyan gani.

Da na dawo na tarar an gama aiki. Maƙerin garinmu ya ƙera zobba biyu daga ƙarfen tsohuwar moto ya ɗaure madubin a kan bindiga, ɗaurin da ko raƙumi ba zai girgiza shi ba. Daga nan Baba ya ce abu ba ya shiga daji tsirara. Wuƙarsa tana da kube, gorarsa tana da riga, gindin bindigar kansa da fata aka naɗe shi. Sai aka kai wa baduku. Baduku ya ɗinka wa madubin rigar jar fata mai tuntu, da laya a ciki. Maɓallan nan biyu kuwa ya ce ƙuraje ne, ba su da kyan gani, sai ya ɗora layar daidai kansu ya bi da ɗinki ninki biyu. Na tsaya ina kallon wannan kyakkyawan aiki, na rasa ko in yi kuka ko in je in shaƙe baduku.

Na daure na ce, to ko ba a murɗa ba, a dai gwada a ga inda take ci. Na ɗauko kwalin na ce a kafa shi a jikin aduwa.

Baba ya dube ni, wato ya dubi gefen kafaɗata, kamar na ce a ci abinci da rana cikin azumi.

"Kai da gaske ɗana ne kuwa? Ba a nuna wa bindiga abin da ba shi da jini. In ta ci kwali yau, ta ci gwangwani gobe, jibi ta saba, sai ta riƙa barin nama tana neman kwali. Ubana bai yi ba, ni ban yi ba. Wannan salkar ma da ta ci, kwana bakwai ina yi mata turare."

Na ce turawan da suka ƙera madubin takarda suke harbi. Ya ce shi ya sa suke buƙatar madubi.

Muka yi ta ja har ya sauko ya ce ya yarda a gwada, amma a kan abu mai rai. Ya zauna yana lissafa masu rai na gidan. Jaki ba a cin namansa, akuya tana shayarwa. Muna cikin haka sai zakaran Inna ya hau katanga ya yi cara.

Wannan zakara ja ne, ƙato, mai girman kai. Inna ta rene shi tun yana ɗan tsako da shirwa ta ɗauke uwarsa, a tafin hannunta yake cin tsaki. Salla biyu ya tsallake, ya tsallake zuwan surukai, har haihuwar matata ya tsallake, aka yanka wani siriri a madadinsa. Na ɗauka gidan zai kama da wuta. Amma Inna ta goge hannu a zane ta ce, "To, Sarki. In ya mutu dai kai za ka riƙa yi mini cara." Da Baba ya shiga ɗaki ta matso kusa da ni. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai wannan, kwantar da hankalinka. Wanda ya kashe salka ba zai samu zakarana ba."

Washegari da hantsi muka fita bayan gari mu uku, can bayan wani tudun rairayi inda ba mai ganinmu. Na kafa turke na ɗaure zakara. Inna ta ajiye ƙwaryar furar da ta kawo mana a inuwar wata anza, gefen hagu, inda ta ga ba abin da zai same ta. Baba ya ƙirga taku arba'in, ya durƙusa, ya ɗora kunci, ya manna ido a madubin karo na farko.

Ya daɗe bai motsa ba. Har na zaci wani abu ya same shi.

"Ashe zakaran nan yana da farin gashi ɗaya a wutsiya," in ji shi a hankali.

"Shekararsa biyu da shi," in ji Inna.

Tausayinsa ya kama ni. Amma ban samu lokacin tausayi ba, don na ga yatsansa ya motsa, sai na toshe kunne na runtse ido. Da na buɗe, Baba yana kwance rigingine, madubi ya naushe shi a gira jini na zuba. Ƙwaryar fura ta rabu gida uku. Zakara yana tsaye a kan turke, ya kaɗa fukafukai ya yi cara.

Baba ya tashi ya share jini ya ce madubin ne ya buge shi hannunsa ya goce. Ya sake ɗurawa, ya ja kansa baya kaɗan, ya harba. Ya sake na uku. Duk biyun idona a rufe. Zakara bai rasa ko gashi ɗaya ba, har ya fara tonon ƙasa yana neman abin tsinta.

"Ina dalma ta faɗa?" in ji Baba.

"Ban gani ba, Baba."

"To me kake kallo?"

Na ce dai a farke rigar fatar a murɗa maɓallan. Ya ce layar da aka ɗinke ba a buɗe ta, ko da kuwa duniya za ta tashi. Inna ta tsince gutsattsarin ƙwaryarta, ta sa zakaranta a hammata, ta yi gaba.

Mun zaci ba wanda ya gani, amma a Damargu ko bayan tudu akwai mai kiwon raƙumi. Kafin la'asar labari ya kai bakin rijiya cewa zakaran matar sarkin baka bindiga ba ta cinsa. Mata suka fara zuwa da kajinsu a hannu, wai a bar su su yini a gidanmu. Wani mai shirin tafiya haƙar zinariya ya zo neman gashi ɗaya na wutsiya. Inna ta kore shi da muciya, amma na lura daɗi take ji.

Baffa kuwa wajen dattawa ya nufa. Ya ce shi ba don kansa ba, amma uku dai uku ne, kuma in aka haɗa da na baya biyar ke nan. Dattawa suka zauna suka duba, suka ce zakara ba naman daji ba ne, ba wanda ya yi kira, kuma kuskure a gaban iyali ba ya shiga lissafi, in ba haka ba da ba sauran mai girma a garin. Baba ya tsira. Sai dai a ranar an ga ɗayansu ya fito da babbar tabarma yana kakkaɓewa a rana.

Bayan kwana huɗu kira ya zo. Makiyayin nan ne dai mai salka. Ya ce dila ta ɗauke masa 'yan awaki uku, ta bar rabin na ukun a gindin wata magarya, kuma tabbas za ta dawo masa da sassafe. Ya ƙara da cewa, cikin ladabi, sabuwar salkarsa ya shigar da ita cikin bukka.

Ranar Baba bai ci abincin rana ba. Ya zauna a inuwar rumbu da bindiga a cinya yana shafa ta. Ban taɓa ganinsa cikin tsoro ba sai ranar, kuma ni na jawo masa, don da ban kawo madubin nan ba da aƙalla ya san halin bindigarsa. Da la'asar Inna ta zo ta tsuguna a gabansa, ta kwance bakin zanenta, ta zube masa dalma biyu a tafin hannu.

"Kamu uku," in ji ta.

"Kamu ukun me?"

"Hagu take ci, Sarki, kamu uku. Kai kana faɗuwa, wannan yana rufe ido, ni kaɗai nake kallo, don zakarana ne. Duk ukun wuri ɗaya ƙura ta tashi, nan inda ƙwarya take. Na koma da safe kamar zan yi itace, na tono waɗannan, tsakaninsu bai fi taƙi ba. Na auna da hannuna daga turke. Hannunka bai mutu ba, wuri ɗaya ka zuba su."

Baba ya juya dalmar a hannu. "Kwana huɗu kina da wannan magana ba ki faɗa ba?"

"Da na faɗa da ka gyara ka kashe mini zakara."

Na yi tsalle na ce ai shi ke nan an gama, sai ya ɗora gicciyen kamu uku dama da dila ya harba. Baba ya girgiza kai. Ya ce kamu uku dama da dila mene ne a wurin? Rairayi ne. Shekara arba'in bai taɓa nuna wa bindigar nan fili ba da saninsa, ba kuwa zai fara a ranar da ake kallonsa ba. Gara dattawa su zo da tabarmarsu. Raina ya ɓaci har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce taurin kai ne zai raba shi da ƙaho, ba ido ba.

Inna ta tashi ta shiga bayan ɗaki. Ta dawo da sakaina, wato babban ɓangaren ƙwaryar nan da ta fashe, a hannu ɗaya, zakara a ɗaya hannun. Ta ajiye sakainar a ƙasa, ta miƙa wa Baba zakaran.

"Yanka," in ji ta. "A kan wannan."

"Ke, me kike yi?"

"Ka ce ba ka auna abin da ba shi da jini. To ga jini. A ajiye ta kamu uku dama da naman, ka auna ta. Bindigarka ba ta ci banza ba, kai ma ba ka karya maganar ubanka ba."

Baba ya riƙe zakaran ya daɗe. Ya ce mata a nemo wani. Ta ce rana ta yi sanyi, kuma ba za ta je gidan kowa aron jini a ji dalili ba. Ta juya mana baya tana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara, har aka gama. Ita ta dafa shi da hannunta, ta zuba mana, ta ce ita ba ta jin yunwa. Na ci naman nan ne kawai don kada ta ga an bar shi.

Kafin mu fita da asuba ta ba ni wata igiya da ta auna da hannunta, don ta ce nawa hannun ya fi nata tsawo, zan ɓata lissafi. Ta kuma ja mini kunne: in ba Baba baya lokacin da nake aunawa, in bi hannun cin tuwo, kada in juyo in rikice.

Gari na fara wayewa muka isa, mu da makiyayin da Baffa da dattawa biyu. Na je gindin magarya inda ragowar ɗan akuya yake, na ba Baba baya, na ja igiya dama, na kafa sakainar a rairayi. Baffa ya bi ni da ido.

"Yaya, wannan fa?"

"Abin da ba a tambaya," in ji Baba.

Ya ƙirga takunsa arba'in ya kwanta a bayan wata tumfafiya. Mu muka kwanta a bayansa. Na toshe kunne, amma na rantse a raina yau ba zan rufe ido ba, ko da zuciyata za ta fito ta baki.

Sai da rana ta fara leƙowa dilar ta zo. 'Yar siririya ce, ruwan toka, tana tafe tana tsayawa tana shaƙar iska. Ta nufo naman, sai kuma ta karkata. Ta ji ƙanshin jinin zakara. Ta taka a hankali har gaban sakainar, ta sa harshe ta fara lasa.

Wannan kam ba mu shirya masa ba. Ga dila tsaye daidai tsakiyar gicciyen Baba, yana ganinta fes har gashin bakinta, irin ganin da ya shekara nawa bai yi ba, kuma in ya harba ɗan akuyan da ya riga ya mutu zai sake kashewa. Na ga zufa na bin bayan wuyansa. Baffa ya kasa daurewa, har ya manta shi ke jiran ƙaho, ya raɗa, "Harba mana, Yaya! Ga ta nan!" Baba bai motsa ba. Ni kuwa duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga mota.

Ta gama lasa, ta lashe baki, ta juya ta taka zuwa naman, ta sunkuya. Baba ya bar gicciyensa a kan sakainar matarsa ya ja kunamar bindiga. Na ga wuta, na ga hayaƙi, na ga dila ta tashi sama ta faɗi, ba ta ƙara motsi ba. Wannan ne harbi na farko da na taɓa gani da idona, ina da shekara talatin da wani abu.

Makiyayin ya ruga ya duba, ya ɗaga ta ta wutsiya, ya ce, "Sarki, wannan karon ita ce."

Baba ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ciro ƙaho ya busa sau uku, har karnukan rugar suka amsa. Da ya gama ya goge bakin ƙahon da hannun riga ya miƙa wa Baffa. Baffa ya ja da baya, ya ce me ya yi zafi, ai an samu.

"Don an samu ne," in ji Baba. "Karɓa. Ka ce wa masu tabarma su ajiye ta, ba sai sun wahala ba."

Baffa ya karɓa hannu biyu. Kafin mu bar wurin dai na gan shi ya koma gindin magarya yana auna tsakanin nama da sakaina da ƙafa. Har yau maharban yankinmu ba sa kwanton dila sai sun kafa fasasshiyar ƙwarya a gefen dama, kuma ba wanda ya isa ya tambaye su dalili.

A hanyar gida Baba bai bi ta ƙofarmu ba, maƙera ya nufa. Ya sa maƙeri ya kwance zobban nan biyu, ya zare madubin da rigarsa ta fata ya jefa a aljihu. Na ce, "Baba, ai yanzu ne muka gane kansa." Ya ce, "A kan bindiga, abin da zan kashe kaɗai nake da ikon kallo. Ba a nuna wa mutum bakin bindiga."

Muka shiga gida. Inna tana can ƙarshen tsakar gida tana bakace, ta riga ta ji ƙaho, amma ba ta ɗago ba. Baba ya jingine bindiga a jikin rumbu, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ciro madubin ya sa a ido. Bai nufi turmi ba. Ya daɗe a tsaye, fiye da yadda ya daɗe a kan zakara.

"Ke," in ji shi, "yaushe kika yi furfura haka?"

Inna ta ja ɗankwali ta rufe gaban kanta. "Ka auna dama, Sarki, kamu uku, in kana so ka same ni."

Bai yi dariya ba, bai kuma sauke madubin ba. Ya ce mini, ba tare da ya juyo ba, "Kai, idon bindigar nan lafiyarsa lau."

"Na sani, Baba."

"In za ka koma Tanut ka tashe ni, mu je wajen masu luletin nan."

Na ce to. Na fita waje na tsuguna a gaban moto ina taɓa tayar da ba abin da ya same ta, don hawaye sun zo mini kuma ba na so ya fara ganina da su. Daga ciki ina jin Inna tana ce masa ya sauke abin nan ya zo ya sha fura.